Kun Tambaya, Mun Amsa: Hayar Gida a Garin Kaduna

Wasiƙun wannan karo kusan duk a kan abu guda suka zo, wato kuɗin hayar gida a cikin garin Kaduna. Mun zaɓi bakwai. Masu amsawa su ne mai kimanta gidaje da filaye, da lauya mai aikin shari'ar haya, da magini. Alƙaluman da ke cikin tambayoyi na masu tambayar ne. Inda muka ce "a ce", misali ne na lissafi, kowa ya cire namu ya sa nasa.

Assalamu alaikum. Ina zaune a gida mai ɗaki biyu da falo shekara biyar ke nan. Bara naira 450,000 na biya, bana mai gida ya aiko cewa 800,000 ne, in ba haka ba in tashi. Ko ƙusa ɗaya bai buga a gidan ba. Me ke kawo wannan, kuma akwai ranar da za ta sauko?
*Wani ma'aikacin gwamnati, Unguwar Dosa*

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarin da aka yi maka ya kai kusan kashi 78 cikin ɗari, kuma ba kuɗin gyara ba ne. Abu biyu mai gidanka yake kallo: abin da zai kashe in yau aka ce ya sake gina irin gidan, da abin da maƙwabcinsa ya karɓa a hannun sabon ɗan haya. Dukansu sun tashi.

Ta ɓangaren gini, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, komai ya bi sahu. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024. Rodi, kwano, tayil, waya da fenti duk suna da hannun dala a ciki, yashi da tsakuwa kuma tifa ce ke kawo su, tifa kuwa man gas take sha. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Masu gidaje da yawa sun yi shekara biyu ko uku ba su taɓa kuɗin haya ba, sai suka tashi rama bashin a lokaci guda. Ga alama abin da ya same ka ke nan.

Ta ɓangaren masu nema, Kaduna tana da nata dalilan. Rashin tsaro a Birnin Gwari, Giwa, Kajuru da ƙauyukan Chikun da Igabi ya turo iyalai cikin gari, kuma ba talakawa kaɗai ba, har da manoma da 'yan kasuwa masu iya ajiye kuɗin shekara nan take. Jirgin ƙasa na Abuja, da ya fara aiki a Yulin 2016, ya sa wasu ma'aikatan Abuja sun ajiye iyali a Kaduna. Wanda ya saba da hayar Kubwa ko Gwarinpa, in aka faɗa masa kuɗin Malali ko Unguwar Rimi ba ya ko ciniki. Zamanin gwamnatin Malam Nasir El-Rufai an yi gwanjon gidajen gwamnati da yawa, waɗanda ke ciki da ba su iya saye ba suka shiga layin neman haya. Aikin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya kawo gadar sama ta Kawo da hanyar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa, kuma duk layin da kwalta ta shiga, kuɗin hayarsa ba ya komawa yadda yake.

Akwai wani abu da ba a cika son faɗa ba. Tun rikicin 2000, da na 2002 da 2011, garin ya rabu kusan gida biyu, arewa da kudancin kogi. Mai neman gida a Kawo, Badarawa ko Tudun Wada da wuya ya leƙa Sabon Tasha ko Unguwar Romi ko da can ya fi sauƙi, haka shi ma na can. Don haka kasuwar haya ba ɗaya ba ce a Kaduna. Kowane mai nema rabin gari yake zagayawa, kuma hakan na ƙara wa mai gida ƙarfi.

Saukowa kuwa, kada mu yaudare ka: kuɗin haya a naira ba ya sauka. Abin da yake yi shi ne ya tsaya cik na shekara biyu ko uku idan ya ci karo da aljihun mutane. Mafi ƙarancin albashi a jihar naira 72,000 ne a wata, wato 864,000 a shekara. Gidan 800,000 ya kusa cinye albashin shekarar ƙaramin ma'aikaci ɗungurungum. Shi ya sa ake ganin iyalai suna sauka daga ɗaki uku zuwa biyu, daga biyu zuwa ciki da falo, ko su fita bayan gari. Manyan gidaje kan daɗe a rufe, ƙanana kuwa kafin a gama fenti an kama.

Ga yadda za ka shiga ciniki. Ka fara zagaya layinku ka samo ainihin abin da gidaje uku irin naka suke biya, daga bakin masu zama, ba dillalai ba. Sannan ka yi wa mai gida lissafin tashinka: in gidan ya zauna wata biyu babu kowa, a farashin 800,000 ya yi asarar kusan 133,000, ga fenti, ga gyaran famfo da makullai, ga shi bai san halin wanda zai shigo ba. Ka miƙa tayin abin da za ka iya, a ce 620,000 ko 650,000, a dunƙule kuma kafin ranar biya, ko yarjejeniyar shekara biyu da aka rubuta ƙarin shekara ta biyu tun yanzu. Ka je da kanka, ka riƙe dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa. Saƙon waya ba ya sauke farashi.

Ina biyan 700,000 a Badarawa, na samu irinsa a 400,000 wajen Rigachikun. Ina aiki a tsakiyar gari, yara uku suna makaranta kusa da inda muke. Maigidana ya ce mu koma. Ni zuciyata ba ta kwanta ba.
*Wata malamar asibiti, Badarawa*

Malama, zuciyarki ta riga ki yin lissafi. Rarar da ake gani 300,000 ce. Yanzu sai a ɗauko takarda.

Kuɗin mota tukuna. A ce ƙarin da za ki riƙa kashewa zuwa da dawowa naira 1,200 ne a rana. Kwana 22 a wata, wata 11 in an cire hutu, kwana 242 ke nan, kuɗinsu 290,400. Ke kaɗai kin kusa cinye rarar, ba a sa maigida ba, ba a sa yara ba. Litar fetur da take ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi ta haura 1,000 a Oktoban 2024, kuma kuɗin Keke da bas in ya hau ba ya son sauka. Yara kuma ko dai a canza musu makaranta, da kuɗin rajista, yunifom da littattafai sababbi, ko a ɗauki mai Keke na wata.

Sai ruwa. Ki tambayi maƙwabtan sabon gidan ko rijiyar tana kaiwa watan Afrilu, don a Maris da Afrilu ake gane rijiya, ba a Agusta ba. In sayen ruwa za a yi, a ce jarka shida a rana a naira 100 kowace, 219,000 ke nan a shekara. Sai wuta: ki tambayi rukunin da layin yake. Rukunin A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, an ɗaga kuɗinsa a Afrilun 2024 daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa sama kaɗan da 200. Ƙananan rukunai sun fi araha amma janareta ko sola ke cike giɓin. Ko wanne ne, kuɗi ne. Sannan kuɗin tashi kansa: la'adar dillali, yawanci kashi goma, wato 40,000, kuɗin takarda, motar kwasar kaya, labule da ledar ɗaki da ba za su yi daidai da sababbin ɗakuna ba.

Idan aka tara, shekarar farko asara ce kusan tabbas. Komawa bayan gari, ko Rigachikun ne, ko Mando, ko Millennium City, ko Kamazou da Mahuta ga 'yan kudu, tana biya ne ga wanda aikinsa yake can, ko mai sana'ar cikin gida, ko wanda ya sayi fili a yankin yana son ya zauna kusa da gininsa. Ke mai aikin dare ce wani lokaci, don haka ki je unguwar bayan sallar isha'i ki ga ko ana samun abin hawa, ki kuma ji yadda 'yan sintiri suke da abin da ake biyansu a wata. In matsin ya yi yawa, gara ku rage ɗaki ɗaya ku zauna a Badarawa ko Hayin Banki da ku yi gudun da ba tsira.

Mai gida ya ba ni notis na wata ɗaya alhali shekara-shekara nake biya. Ya ce in ban fita ba zai cire ƙofa da kwano, ya kawo 'yan sanda. Yana da wannan iko?
*Wani tela, Tudun Wada*

Ba shi da shi, Malam. Kotu kaɗai ke fitar da ɗan haya, kuma ma'aikatanta ne ke zartarwa. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta ko watsa kaya waje duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma mai gidan da ya yi haka yana iya ƙarewa da biyan diyya ko da kai ne kake riƙe da kuɗinsa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai.

Amma ka buɗe takardar yarjejeniyar hayarka kafin ka ɗaga murya, don amsar tana ciki. Ƙa'idar da aka saba bi a kotunan ƙasar nan, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, ita ce: mai biyan mako-mako notis na mako ɗaya, mai wata-wata na wata ɗaya, mai wata uku-uku na wata uku, mai shekara-shekara na wata shida. In wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ba shi wata takarda ta kwana bakwai mai sanar da niyyar zuwa kotu, sannan a shigar da ƙara.

Wuri biyu ne 'yan haya ke faɗawa rami. Na farko, idan ka sa hannu a takardar da ta ce notis wata ɗaya ne, to wata ɗayan ne, zancen wata shida ya faɗi. Na biyu, idan takardar ta ce haya ta shekara ɗaya ce cak, daga rana kaza zuwa rana kaza, to ranar da ta cika ta mutu da kanta, kwana bakwai ɗin nan kawai za a ba ka. Lauyoyin masu gidaje yanzu haka suke rubutawa, kuma mutane na sa hannu ba su karanta ba.

Wata shida ɗin nan kuma ba zaman kyauta ba ne, duk da haka ake yaɗawa a majalisa. Kowace rana da ka ƙara za a lissafa maka kuɗinta. Dogaro da kuskuren notis ma ya rage amfani tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 a shari'ar Pillars da Desbordes, inda aka nuna cewa shigar da ƙara kanta sanarwa ce ga ɗan haya cewa ana son gida.

Abin yi yanzu: ka tara rasit ɗinka duka, ka ɗauki hoton gidan ciki da waje, ka rubuta wa mai gida amsa cikin ladabi cewa ka karɓi takardarsa kuma kana neman wa'adin da ya dace, ka ajiye kwafi. Ka sanar da mai unguwa barazanar cire kwano tun kafin ta faru. In ba ka da kuɗin lauya, hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa tana da ofis a Kaduna. Kuma ka fara neman wani wuri, don wa'adi kawai kake saye, gidan dai nasa ne.

Zan yi aure bayan salla, ina neman ciki da falo mai banɗaki a ciki. Dillalai sai karɓar kuɗin gani suke yi, wani abokina kuma an karɓe masa kuɗin shekara a gidan da aka riga aka ba wani. Ta yaya zan tsira?
*Ango mai jiran gado, Kinkinau*

Allah ya sanya alheri, ango. Damfarar da ta ci abokinka tsohuwa ce: mutum ya samu makullin gidan da ba kowa, ya nuna wa mutum biyar, ya ce wa kowanne akwai mai zuwa da kuɗi da yamma. Gaggawa ita ce makaminsa, masu aure kuwa su ne abincinsa, don an san an sa rana.

Kada kuɗin haya su shiga hannun dillali. La'adarsa daban, a ba shi bayan an gama. Kuɗin gida a tura su ta banki zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da sunan mai gida a takardar yarjejeniya, a rubuta a wurin bayani cewa hayar gida lamba kaza ce daga wata kaza zuwa wata kaza. Idan wakili ne, ya nuna takardar wakilci, kai kuma ka yi magana da mai gidan baki da baki. Ka tambayi maƙwabta biyu da mai unguwa, gidan wa ne wannan? Idan aka ce gidan gado ne, ka tsaya sai ka san wanda magada suka wakilta a rubuce, don sau da yawa ɗa ɗaya ke karɓar kuɗi, sauran su zo da sammaci. Ranar biya ita ce ranar karɓar makulli, ka kuma canza kwaɗo a ranar.

Duba gidan kansa ya fi duk wannan cin lokaci, kuma nan ne sabon fenti ke rufe ido. Ka dubi gindin bango daga ƙasa zuwa gwiwa: in fenti ya kumbura ko siminti na zuba kamar gari, danshi ne ke hawowa daga tushe saboda ba a shimfiɗa ledar hana danshi ba, kuma zai ci maka katifa da kujerun amarya. Ka ɗaga kai ka dubi silin, tabo mai ruwan ƙasa yoyo ne. Ka zuba bokiti guda a banɗaki ka ga ko ruwan ya nufi magudana ko ya nufi ƙofa. Ka zuba wani a masai. In ya yi jinkirin wucewa ko ya yi gurnani, sokawe ya cika, kwashewa kuma kuɗi ne da ya kamata a san mai biya tun yanzu. Ka je da cajar waya ka gwada kowane soket.

Mita tana da nata tarkon. Ka karɓi lambarta ka sayi wutar naira 1,000 kafin ka biya haya, ka ga yunit nawa ta ba ka. In ta ba ka ƙasa da abin da ya kamata, akwai tsohon bashi da ake cira. A ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, bashin wuta na wanda ya sha ne, ba na sabon ɗan haya ba, amma raba kanka da shi zirga-zirga ce. Ya fi sauƙi mai gida ya biya ko a cire daga kuɗin haya a rubuce. In gidan ba mita sai bil na ƙiyasi da ake rabawa, ka nemi ganin bil uku na baya.

Da rani kake nema, to ka tambayi damina. Unguwannin bakin Kogin Kaduna da rafukansa, irin su Kigo Road, Rafin Guza da sassan Kabala da Nasarawa, sun sha ambaliya a Agusta da Satumba. Gidan da ya fi na kusa da shi araha ba gaira ba dalili, ka dubi katangar waje, ruwa yakan bar layinsa.

Kuɗin ajiya na ɓarna, in an nema, a rubuta adadinsa da sharaɗin mayarwa, a kuma haɗa da jerin abin da ka tarar da hotuna, ku biyu ku sa hannu. In ba haka ba, sunansa kyauta.

Ina da fili a Rigasa da kuɗin sallama daga aiki. In gina gida ɗaya mai ɗaki uku, ko ƙananan ɗakuna huɗu masu banɗaki da kicin? Kuma haya tana biya kuwa?
*Wani Alhaji mai ritaya, Unguwar Mu'azu*

Ranka ya daɗe, a Rigasa ƙanana huɗu sun fi. Masu neman irinsu sun fi yawa: sababbin ma'aurata, ƙananan ma'aikata, 'yan kasuwa, da iyalan da suka sauko daga manyan gidaje. In ɗaya ya tashi, uku suna biya. Gida ɗaya babba in ya zauna wata huɗu a rufe, kashi ɗaya cikin uku na shekarar ya tafi. Illarsu ita ce banɗaki huɗu, kicin huɗu, mita huɗu, da halin mutum huɗu.

Ko tana biya? Mu lissafa. A ce fili da gini sun tashi a naira miliyan 30, kowane ɗaki 450,000, jimla miliyan 1.8 a shekara, kashi 6 cikin ɗari ke nan. Cire kashi goma na mai kula, kashi goma na gyara, da ɗan abin da zai tafi a zaman banza da harajin fili, ya rage kamar miliyan 1.35, wato kashi 4 da rabi. Sai shekara 22 kuɗinka zai dawo. Ribar gidan haya a darajar filin take, haya kuɗin cefane ce. Shi ya sa ba a gina gidan haya da bashin banki: a Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, bankuna kuma sama da haka suke bayarwa. Kuma kada ka zuba kuɗin sallama duka. Ka ware na asibiti da na cefanen shekara biyu, don gini da ya tsaya a linta ba ya kawo ko sisi.

Kafin bulo ɗaya ya hau, a tantance takardun filin a KADGIS, hukumar filaye ta jihar, a karɓi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane. Takardar dagaci kaɗai ba ta kare gini daga jan fenti.

Inda magina ke cutar masu ritaya: bulo. Buhun siminti ɗaya bulo 30 zuwa 35 na inci tara ya kamata ya fitar; wanda aka ja ya kai 50 da hannu ma yana marmashewa. A ɗaga tushe sama da titi, don in an zo yin kwalta titin zai ƙara tsawo ruwa ya koma cikin gida. A shimfiɗa ledar hana danshi kafin daɓe. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita a ba su 4 a layinsu daban. Gobarar gidajen haya da yawa daga siririyar waya da risho na lantarki take tashi. Sokawe ya yi nesa da rijiya ko burtsatse aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama 30, kuma a gangaren ƙasa. Ruwa: gida huɗu, mutum huɗu-huɗu, lita 50 kowanne, lita 800 ke nan a rana, tankin lita 2,000 zai riƙe su kwana biyu in ba wuta. Kowane ɗaki da mitarsa ta kati. Rabin rigimar gidan haya a kan bil ɗin haɗaka ne, mai firji da mai fitila ɗaya a ce su biya daidai.

Na ji an ce gwamnati za ta riƙa mayar wa 'yan haya kashi 20 na kuɗinsu. Ina ake karɓa?
*Wata malamar makaranta, Narayi*

Babu inda ake karɓa, Malama, don ba kuɗi ake bayarwa ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, mai fara aiki 1 ga Janairu, 2026, ta ce a cire kashi 20 na hayar da mutum ya biya a shekara, iyaka naira 500,000, daga kuɗin shigar da za a ɗora wa haraji. In kina biyan 600,000, za a cire 120,000. In kina matakin masu biyan harajin kashi 15, harajinki ya ragu da 18,000 a shekara. Wanda abin da yake samu bai wuce 800,000 a shekara ba dama ba ya biyan komai, don haka ba abin da zai ragu. Ki kai rasit da takardar yarjejeniya ofishin albashi na wurin aikinki. Harajin ma'aikatan da ke zaune a jihar, hukumar haraji ta jihar, KADIRS, ce ke karɓa. Wanda yake biyan haya hannu da hannu ba rasit, ya rasa wannan.

Mai gidanmu ya rasu, magada sun sayar da gidan, saura wata bakwai a kuɗina. Wanda ya saya ya ce bai san da ni ba.
*Wani direba, Kakuri*

Allah ya jiƙansa. Malam, mai saye ya sayi gida ne da kai a ciki. A dokar ƙasa yana shiga matsayin tsohon mai gida, da haƙƙinsa da nauyinsa, kuma a mazhabar Malikiyya ma mutuwar mai gida ko sayar da shi ba ta rushe hayar da aka ƙulla zuwa wa'adi. Watanninka bakwai suna nan. Kuɗin da ka riga ka biya, tsakaninsa da magada ne su daidaita a cikin kuɗin ciniki, ba a sake karɓa a hannunka.

Ka kai masa kwafin rasit, asalin ya zauna a wurinka. Ka nemi wakilin magada ya rubuta takarda mai gabatar da sabon mai gida, don kada ka biya na gaba a hannun da ba shi ba. Idan yana son gidan da gaggawa, don rushewa ko shiga da kansa, wannan ciniki ne kuma kai ke da abin sayarwa: a mayar maka da kuɗin wata bakwai cif, a ƙara la'adar sabon wuri da kuɗin motar kaya, a ba ka aƙalla wata guda na nema. Kuɗin su shiga asusunka kafin makulli ya bar hannunka, a gaban shaidu biyu, a rubuta ranar fita da lambar da mita take nunawa.